Kada yaron nan ya sa hannu ranar Juma'a

Ranka ya daɗe Shugaba, a yi mini afuwa, zan tura rahoton kuɗi zuwa ƙarshe. Akwai takarda mai shafi biyu a hannuna, ta ɗan ɗaya daga cikin iyayenmu da ke zaune a ɗakin nan ce, kuma an ba yaron wa'adi zuwa Juma'a mai zuwa ya sa mata hannu. Ba zan kama suna ba. Waɗanda suka sani sun sani, waɗanda ba su sani ba kada su bi diddigi.

Yaron makaɗin ganga ne a wata ƙungiyar mawaƙa ta samari huɗu. Shekara uku suna wasa a ƙananan zauruka na tsakiyar Manchester, kuɗin da ake biyansu yana shiga asusun bankin mutum ɗaya, wato mai rera waƙar. Sun sayi motar ɗaukar kaya bashi. Babu ko layi ɗaya da suka rubuta tsakaninsu. Yanzu wani ƙaramin kamfanin faifai ya nuna sha'awa, sai biyu daga cikinsu suka kawo wa ɗanmu wannan takarda: ya karɓi 'yan kuɗi a dunƙule, ya yarda cewa shi ɗan haya ne tun farko, ya yafe duk wani haƙƙi na baya da na gaba. Yafewar tana sakin layi na uku a shafi na biyu, da ƙananan haruffa. Mahaifinsa ya kawo ta a ninke cikin aljihun kaftani, har ninkin ya fara cinye layin da ya fi kowanne muhimmanci.

Na san wasu za su ce me ya kai ɗan gidan mutunci kiɗa. Wannan magana ce tsakanin yaro da ubansa da malamai, kuma tana da ranarta. Abin da ke gabanmu yau haƙƙi ne da bashi, da wa'adin kwana biyar.

An taɓa yin irin wannan a garin nan, kuma kowane lauyan harkar waƙa ya san shari'ar. A watan Mayun 1982 wani saurayi ɗan shekara 18, Johnny Marr, ya je Stretford ya ƙwanƙwasa ƙofar Steven Morrissey ya ce su kafa ƙungiya. Suka ɗauko Mike Joyce a kan ganga, daga baya Andy Rourke, abokin Marr tun makaranta, ya riƙe jita mai kaurin murya. Su ne The Smiths. Dukansu jinin Ailan ne, 'ya'yan baƙi da suka zo neman abinci Manchester, kamar yadda 'ya'yanmu suke a yau. Wasansu na farko a zauren Ritz aka yi shi, watan Oktoban 1982. A 1983 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rough Trade na Landan, kuma a nan aka fara shuka rigimar, domin mutum biyu ne kawai suka sa hannu, Morrissey da Marr. A ƙarshen wannan shekarar manajansu na farko, Joe Moss, ya ajiye aiki, kuma daga nan ba su ƙara samun manajan da ya daɗe da su ba. Lissafi ya koma hannun mutanen da ƙwarewarsu tsara waƙa ce.

Cikin shekara biyar sun fitar da manyan faifai huɗu, a 1984, 1985, 1986 da 1987. Na 1985 ya hau mataki na ɗaya a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya. Har gobe baƙi daga ƙasashe suna zuwa Ordsall su tsaya ƙofar Salford Lads Club su ɗauki hoto, saboda a nan aka ɗauki samarin huɗu hoton da ya shahara. A hoton kafaɗarsu ɗaya. A littafin lissafi kuwa Morrissey yana ɗaukar kashi 40 cikin 100 na kuɗin faifai da na wasa, Marr 40, Joyce 10, Rourke 10. Marr ya fice a 1987, ƙungiya ta watse, kuma ba ta sake haɗuwa ba.

Iyayenmu mata, ku saurari wannan wurin da kyau, domin ku ne yara ke gaya wa abin da ba sa gaya mana. A 1989 Joyce da Rourke suka shigar da ƙara suna neman kashi 25 kowannensu. Rourke bashi ya yi masa katutu, bai iya jira ba. Ya karɓi fam 83,000 a dunƙule, ya yarda da kashi 10, ya yafe sauran. Joyce ya daure. Shari'a ta kai Babbar Kotu a Landan a watan Disambar 1996, gaban mai shari'a John Weeks, kuma alƙali ya ba shi gaskiya: kashi 25, da bashin baya da ya kai kimanin fam miliyan ɗaya. Morrissey ya ɗaukaka ƙara, ya sake faɗuwa a 1998. Rourke kuwa, wanda ya yi aiki iri ɗaya da Joyce a faifai iri ɗaya, an ayyana shi a matsayin wanda ya yi karayar arziki a 1999. Ya rasu a 2023. Bambancin mutanen nan biyu sa hannu ne a kan takarda irin wadda nake riƙe da ita.

Me ya sa Joyce ya ci? Wata tsohuwar doka ce ta 1890, Partnership Act, wadda har yau take aiki a Ingila. Ta ce idan mutum biyu ko fiye suna gudanar da sana'a tare don neman riba, to abokan tarayya ne, ko sun yi rajista ko ba su yi ba. Sashe na 24 ya ce idan babu wata yarjejeniya da ta saɓa, riba daidai ake raba ta. Morrissey da Marr sun ce ai tun farko kowa ya san rabon 40 da 10 ne, har an taɓa aika wa Joyce lissafin da ke nuna haka bai ce uffan ba. Mu a wurinmu shiru ma magana ce. Kotun Ingila ta ce shirun wanda aka aika wa lissafi ba tare da an fahimtar da shi cewa ana rage masa kaso ba, bai zama yarda ba.

A gida ba haka aka saba ba. Idan aka tashi daga wasa, shugaban makaɗa shi ke zazzage jaka, ya ba mai kalangu nasa, ya ba 'yan amshi nasu gwargwadon yadda ya ga dama, kuma idan rai ya ɓaci akwai dattijon da za a je zaurensa bayan la'asar a kashe wutar kafin magariba. Wallahi ina kewar wannan zauren. Nan babu shi. Nan abin da ka rubuta shi ne dattijonka, kuma lauya da awa yake lissafi. Abin kunyar shi ne mu ma an yi mana umarnin rubutu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Kada a ɗauka dokar nan riba kaɗai take rabawa. Sashe na 9 ya ɗora bashin tarayya a kan abokan gaba ɗaya. Idan samarin nan abokan tarayya ne, kuma an sayi motar nan da sunan sana'arsu, mai bin bashi zai iya biyo ɗanmu ko da bai taɓa riƙe sitiyarinta ba. Takardar da aka kawo masa ta cire shi daga riba, amma na karanta ta sau uku, babu kalma ɗaya da ta cire shi daga bashin. Kuma wanda ya fita daga tarayya sai ya sanar da waɗanda suke hulɗa da ita a rubuce, in ba haka ba za a ci gaba da ɗaukarsa a matsayin yana ciki.

Abu na biyu da yara ba sa ganewa: kowace waƙa dukiya biyu ce. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kalmomi da karin, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa. A shari'ar The Smiths ba a taɓa haƙƙin tsarawa ba, ya zauna rabi da rabi tsakanin Morrissey da Marr, domin su suka rubuta. Rigimar duk a kan kuɗin faifai da na wasa ce. Kuɗin tsarawa hukumar PRS ce ke tattarawa, kuma ana biyan kuɗin shiga. Kason makaɗin da aka ji hannunsa a faifai, idan an sa shi a rediyo ko talabijin ko shago, PPL ce ke tattarawa, kuma rajistarta kyauta ce. Ɗanmu bai yi ko ɗaya ba. Shekara uku!

Don haka ga abin da za a yi kafin Juma'a. Kada ya sa hannu, kada kuma ya karɓi ko fam ɗaya daga kuɗin da aka yi masa tayi, ko an tura masa ta banki ya mayar tare da rubutaccen saƙo, domin karɓa za a iya fassara ta da yarda. Kada ya fita daga zauren WhatsApp na ƙungiyarsu cikin fushi. Ya kwafe dukan saƙonnin yau da dare, musamman inda aka yi maganar raba kuɗi, da rasit na ɗakin naɗar sauti idan ya taɓa zuba nasa, da takardun banki, da fastocin wasa masu ɗauke da sunansa. Waɗannan su ne za su nuna ko abokin tarayya ne ko ɗan haya, domin ɗan haya ana biyansa ladan dare ne ya tafi, ba ya zuba jari, ba ya ɗaukar asara. Ya rubuta musu layi biyu cikin ladabi cewa yana neman shawarar lauya kuma yana buƙatar ƙarin mako biyu. Wa'adin Juma'a su suka ƙirƙire shi, doka ta ba da shekara shida ga ƙarar yarjejeniya. Sannan a kai takardar wurin lauyan da ya san harkar waƙa. Don Allah kada wani ya ce zai kai ta wurin lauyan da ya yi masa takardun zama, fannin daban ne. Ƙungiyar makaɗa ta ƙasa, Musicians' Union, tana da ofis a nan Manchester kuma tana duba wa mambobinta yarjejeniya, ya je ya yi rajista gobe. A kuma bincika da sunan wa aka yi rajistar sunan ƙungiyar tasu, idan ma an yi.

Tallafin shari'a na gwamnati ba ya ɗaukar rigimar kasuwanci irin wannan. Kuɗin lauya daga aljihu zai fito, kuma mahaifin yaron kun san halin da yake ciki tun da aka rage masa kwanakin aiki. Abin da aka kafa asusun walwala dominsa ke nan, kuma asusun ya bushe. Fam goma ne a wata, jama'a. Fiye da rabinmu ba su biya ba tun bayan Babbar Sallah, wasu tun bara. Mu ne muka ɗauki nauyin kai gawa gida ba tare da mun roƙi kowa ba. Mu ne muka buɗe makarantar Asabar da 'ya'yanmu ke koyon Hausa da karatun allo, har wasu ƙungiyoyin suna zuwa tambayar yadda muka yi. Yau a ce kuɗin zama ɗaya da lauya ya gagare mu? Alhazai, Hajiyoyi, ina roƙonku da girman Allah. Wanda ake bi wata shida ya kawo uku yau. Wanda ba a bi ya ƙara abin da ya sawwaƙa. Kuma duk mai yaron da ke waƙa, ko ɗaukar bidiyo, ko sayar da kaya a intanet tare da abokai, ya tambaye shi daren nan asusun wa kuɗin ke shiga, kuma me suka rubuta.

Rahoto a gurguje: an biya hayar zaure har ƙarshen wata mai zuwa, lissafin walimar Sallah ya daidaita kuma rasit suna wurin Sakatare, asusun jana'iza ba a taɓa shi ba kuma ba za a taɓa ba, malaman makarantar Asabar suna binmu wata ɗaya. Littafin biya yana kan teburin bakin ƙofa, zan zauna wurin har a rufe zaure. Ina so in kira ofishin lauya ranar Litinin da ƙarfe tara na safe da kuɗin a hannu.