Daga Nokia zuwa Tecno: yadda kasuwar waya ta sauya hannu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa. Kafin mu shiga magana, don Allah kowa ya ɗaga wayarsa in gani. Madalla. Daga nan ina hango Tecno da Infinix da itel sun cika ɗakin, Samsung jefi-jefi, sai wani bawan Allah can baya mai iPhone, ya fi kowa miƙe hannu. A sauke, na gode.

Da shekara ashirin da suka wuce na ce a ɗaga, kusan suna ɗaya zan gani, Nokia. Tambayata ita ce: ina Nokia ta tafi, kuma ta wace ƙofa Tecno ta shigo?

Nokia kamfanin ƙasar Finland ne, kuma ba da waya ya fara ba. A 1865 aka kafa shi, yana niƙa itace don yin takarda. Da MTN da Econet suka buɗe layukansu a Najeriya a 2001, wayoyinsa ne suka yi kane-kane a kasuwa. Masu 'yan shekaru za su tuna 3310. Ta suɓuce maka a kan babur, marfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, ka tsince ka haɗa, ta kawo wuta kamar ba a yi komai ba. A 2003 kuma 1100 ta fito da 'yar tocilarta a ka, wadda ta raka mutane da yawa masallacin asuba. An sayar da fiye da miliyan 200 nata a duniya. Kuma a 2005, da Nokia ta sanar cewa ta sayar da wayarta ta biliyan ɗaya, 1100 ce, a Najeriya aka saye ta.

Sai 2007 ta zo, Steve Jobs ya fito da iPhone, waya mai shafawa. Shekara guda bayan nan wayoyin Android na Google suka fara fita. Nokia ta tsaya kan tsohuwar manhajarta Symbian, tana ganin ai kasuwa tata ce. Da ta farga, maimakon ta bi Android kamar yadda Samsung ta yi, sai ta ƙulla da Microsoft a 2011. A ganina nan ne ta yi saki na dafe. A 2012 Samsung ta Koriya ta Kudu ta wuce ta, a 2014 kuma aka kammala sayar wa Microsoft sashen wayoyinta. Sababbin wayoyin da kuke gani da sunan Nokia, wani kamfani ne, HMD, ya karɓi izinin amfani da sunan.

To, mu dawo kan abin da ke aljihunku. Sau nawa na ji matasa a majalisa suna ta musu, wannan ya ce Infinix ta fi, wancan ya ce Tecno? 'Yan uwa, gida ɗaya suka fito, har da itel. Uwarsu Transsion, kamfanin China mai hedikwata a Shenzhen. Duk wadda ka saya, aljihu ɗaya kuɗin zai shiga. Abin mamaki, ba a China yake kasuwarsa ba, Afirka ya nufo tun farko.

Mutanensa sun zo sun kalli yadda muke rayuwa. Sun ga ɗan kasuwa da waya biyu ko uku, saboda kiran wani layi daban ya fi tsada, kuma sabis ɗin da ke kamawa a gari ba shi ke kamawa a ƙauye ba. Sai suka yi waya mai layi biyu. Sun ga mutum ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya don ba wutar Nepa, sai suka ƙara girman batir. Sun lura cewa kyamarorin da ake da su ba sa fito da fuskar baƙar fata, a ɗauke ka hoto da magariba, haƙora kawai za a gani. Suka zauna suka gyara wannan. A 2011 har masana'antar haɗa waya suka buɗe a Habasha.

Shi kuma mai iPhone na baya, kada ya ce na manta da shi. Apple a Amurka yake zana wayar, amma wasu ke ƙera masa. Foxconn na haɗa da yawa a birnin Zhengzhou na China, ƙwaƙwalwarta TSMC ta Taiwan ke yi, kuma gilashin fuskar da yawa daga cikinsu daga wurin kishiyarsa Samsung yake saye. Ma'adinin kobalt da ke cikin batir kuwa, mafi yawan na duniya daga Kwango ake haƙo shi.

Idan gilashin ya fashe, a Kano kasuwar waya ta Farm Centre za a nufa, inda yaro ɗan shekara sha bakwai zai kwance ta a kan ɗan teburinsa, ya sa sabo kana tsaye. Na ga hannu a sama can gefen mata. Hajiya, bismillah, a miƙa mata makirufo.