Rumbun bayanai a kan Kubernetes: ina bayanan suke kwana?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Kabiru da Nura. Nura, kai ka kawo maganar yau, kuma tun da ka shigo na ga fuskarka ba daɗi.

Nura: Bari kawai, Anti Hadiza. Na ɗora PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a kan gungun Kubernetes na gwaji, komai ya tashi lafiya lau, na zuba bayanai. Washegari ɗaya daga cikin sabobin, wato kwamfutocin da ke gungun, ta sake tashi, na leƙa, rumbu fayau. Ko teburi ɗaya babu.

Malam Kabiru: Da me ka ɗora shi?

Nura: Da Deployment, yadda nake ɗora kowace manhaja.

Malam Kabiru: To, ai kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Kubernetes bai yi maka laifi ba, aikinsa ya yi. Google ta fito da shi a 2014, siga ta 1.0 ta zo a 2015, kuma tun asali an gina shi ne a kan cewa kwantena abin yarwa ne. In ya mutu a tayar da sabo. Abin da ka rubuta a cikin cikinsa kuwa tare suke tafiya.

Hadiza: Tsaya, Malam. Mai sauraron da bai taɓa taɓa wannan abu ba fa?

Malam Kabiru: Kwantena ƙunshi ne na manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki. Kubernetes shi ne mai rabon aiki, yana duba sabobin da ke gungun ya ce wannan ƙunshi ya zauna a nan, wancan a can. Yana sa su cikin abin da ake kira fod. Manhajar shafin intanet ba ruwanta in an kashe fod ɗinta, don ba ta riƙe komai. Rumbun bayanai kuwa riƙon shi ne dukan aikinsa.

Nura: Shi ya sa aka ce mini StatefulSet.

Malam Kabiru: Shi ne matakin farko. Shi ma mai tayar da fod ne kamar Deployment, amma na manhajar da ke riƙe bayanai. Ya tabbata a siga ta 1.9, a ƙarshen 2017; da farko ma PetSet ake ce masa. Yana ba kowane fod suna tsayayye, db-0, db-1, db-2, ya tayar da su bi da bi, kuma kowanne da nasa faifan ajiya. In db-1 ya mutu, wanda zai gaje shi db-1 ne sunansa, kuma faifan db-1 zai ɗauka. Faifan kuwa da takardar neman wuri ake samunsa, PersistentVolumeClaim. Ka ce ina son gigabait 20, StorageClass, wato tsarin da ke samar da faifai, ya yanko maka.

Hadiza: A nan ne nake so mu daɗe, don a nan na ga mutane suna kuka. Faifan da StorageClass ya yanko da kansa, in ba ka canza ba, ƙa'idarsa Delete ce. Ka goge takardar neman, faifan ya bi ta, da bayanan da komai. Ni duk inda bayanai na gaske suke, Retain nake sawa, wato a bar faifan, kafin in yi komai. Gara in zo ina share tsofaffin faifai da hannu.

Nura: Amma in na goge StatefulSet ɗin kansa?

Hadiza: Takardun suna nan, bai taɓa su ba. Sai dai in ka goge namespace ɗin, wato sashen gungun da suke ciki, gaba ɗaya, to wannan kam ya kwashe har da su.

Nura: To shi ke nan, na sa fod uku na huta.

Malam Kabiru: Ina! StatefulSet bai san PostgreSQL ba. Bai san wane ne babba mai karɓar rubutu ba, bai san su wane ne masu kwafa ba. In babban ya faɗi da tsakar dare, ba zai naɗa wani ba. Fod uku za ka samu, rumbuna uku da ba su san juna ba. Wannan giɓi ne ya haifi ofareta, dabarar da kamfanin CoreOS ya gabatar a 2016: a ɗauki sanin mai kula da rumbu a zuba shi cikin manhaja. A ɓangaren PostgreSQL akwai CloudNativePG, akwai na Zalando mai aiki da Patroni, akwai na Crunchy Data. MySQL, wani rumbun daban, kuma akwai Vitess, wanda aka fara ginawa a YouTube.

Hadiza: Abin dariya, CloudNativePG ma ba ya amfani da StatefulSet ɗin, da kansa yake kiwon fod ɗinsa.

Malam Kabiru: Haka ne. Ka rubuta masa 'yan layuka, ina son guda uku, ga girman faifai. Ya ba ka adireshi mai ƙarewa da rw na rubutu, da mai ro na karatu kawai. In babba ya faɗi, ya ɗaga wani, adireshin rw ya koma kansa. Sai dai ka tabbata ukun ba a saba ɗaya suka taru ba, in ba haka ba rana ɗaya za su mutu.

Nura: Da uku ai ba na buƙatar kwafin ajiya.

Hadiza: Subhanallah, Nura. Ka goge teburi bisa kuskure a babban, cikin ƙiftawar ido masu kwafa sun kwafi gogewar. Biyayya ce aikinsu. Kwafin ajiya daban ne, kuma a wajen gungun ake kai shi, ma'ajin intanet irin S3, tare da kundin WAL, inda PostgreSQL ke rubuta kowane canji kafin ya taɓa teburi. Da shi ne za ka ce a mayar da ni minti ɗaya kafin ɓarnar. Kuma ka gwada dawo da shi tun ana zaman lafiya.

Malam Kabiru: Ni gaskiya, Hadiza, ƙaramar tawaga mai mutum biyu, sai in ce su yi hayar rumbu wurin masu gajimare, wato kamfanonin da ke ba da hayar sabobi ta intanet, su yi barci.

Hadiza: Ban yarda duka ba, Malam. In sauran manhajojinsu suna kan gungun, kuma akwai wanda ya san PostgreSQL da gaske, ofareta ya isa. Wanda bai san rumbun ba ne Kubernetes zai ƙara wa ciwon kai.

Nura: Saura allon kula. Ina so in sa pgAdmin, in riƙa ganin teburan da ido.

Malam Kabiru: Sa shi, shi kam Deployment ya ishe shi. Amma kada ka buɗe shi ga intanet, haka ma ƙofa ta 5432, wadda PostgreSQL ke sauraro. Ka shiga ta kubectl port-forward, umarnin da ke haɗa kwamfutarka da fod ɗin kai tsaye. Kalmar sirri kuma, Secret, inda Kubernetes ke ajiye ta, ba ya kulle ta, sauya salon rubutu ne kawai da ake kira base64, kowa ya samu zai warware. Sai ka kunna rufaffen ajiya a etcd, ma'ajin bayanan Kubernetes ɗin kansa, ka taƙaita masu iznin karantawa.

Nura: Wato wadda na tura cikin Git, ma'ajin rubutun manhajarmu, jiya...

Hadiza: Ka tura me?

Nura: Ma'ajin namu ne, ba na kowa ba.

Hadiza: Canza ta yanzu, kafin mu kashe makirufo. Miƙo kwamfutar.