Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Yaɗa Labarai, a Ziyararsa ga Mata Masu Koyon Aikin Jarida ta Intanet

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamai da sauran manyan baƙi, a madadin malamai da ɗaliban wannan cibiya ina yi muku barka da zuwa, tare da godiya ta musamman ga babban baƙonmu da ya ajiye ayyukan ofis ya tako ƙafa har inda muke.

Ranka ya daɗe, duk mai buɗe Facebook ko YouTube ya san cewa muryar mata ba ta yi ƙaranci a shirye-shiryen Hausa ba, domin su ne ke karanta labarai, su ne ke hira da baƙi. Abin da ke damunmu shi ne abin da mai kallo ba ya gani. Idan aka shiga ɗakin tace bidiyo, ko wurin masu kula da shafin intanet da tsaronsa, ko taron editoci inda ake yanke shawarar labarin da zai fita da wanda za a jingine, da wuya a tarar da mace, kuma a waɗannan kujerun ne albashi mai tsoka da ikon faɗa a ji suke.

Ba a yau mace ta fara riƙe ragamar gidan jarida a ƙasar nan ba. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda Allah ya yi wa rasuwa a Mina a 2015, ta yi editan Sunday Triumph a nan Kano a shekarun 1980, daga bisani ta riƙe New Nigerian a Kaduna, a zamanin da 'yan mata ƙalilan ne ke kaiwa jami'a. Jamila Tangaza kuwa ta shugabanci Sashen Hausa na BBC. Ƙwazo yana nan, hanya ce ke da ƙunci, kuma mu da muke koyarwa muna ganin inda take toshewa: ɗaliba ta ƙware a aji amma ba ta da kwamfutar da za ta yi bita a gida, kuɗin data ya fi ƙarfinta, aikin dare ya sa iyaye ko maigida su hana, sannan ga zagi da ƙazafin da ake yi wa mace a kafafen sada zumunta har ta janye.

Saboda haka roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne gwamnati ta ware wa mata gurabe a sashen fasaha na gidajen rediyo da talabijin na jiha, ta taimaka wa ɗalibanmu su shiga shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannin fasahar zamani, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, kuma idan za a naɗa edita ko darakta a duba cancantar matan da suka daɗe suna aiki. Bayan wannan jawabi ɗalibai za su nuna maka shirin da suka ɗauka suka tace da hannunsu.

Allah ya taya ka riƙo, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Na gode.