Kumfar nan mai ƙyalli, ya ake sanin aiki ya yi kyau?

Salamu alaikum jama'a. Bidiyon tankin nan na tace ma'adinai da kumfa ke malala tana ƙyalli ya zagaya WhatsApp, har a majalisarmu a Ringim sai da aka yi musu, wani ya ce ai tunda kumfa ta cika ta batse kamfani ya ci riba. Wallahi ba haka ake aunawa ba.

Ga abin da ake gani a bidiyon, an niƙa dutse mai ma'adini ya zama gari, an dama da ruwa, an zuba sinadarin zantet da ke sa ma'adinin ya ƙi jiƙewa, an hura iska ta ƙasa, shi ke nan sai ya manne wa kumfa ya taso, garin banza ya zauna. Tun farkon shekarun 1900 ake irin wannan tacewa da kumfa a Broken Hill, garin haƙar ma'adinai a Ostireliya.

To a nan nake so a tsaya. Ku tuna iyayenmu mata a masussuka, in mace ta ɗaga ƙwarya sama sosai iska na kaɗawa gero zai fita tsaba tas amma wani zai bi ƙaiƙayi, in kuma ta yi ƙasa-ƙasa don kar ƙwaya ta ɓata sai ta kwashe har da ƙaiƙayin. Haka injiniya ke fama, tambaya biyu ce kullum, tsabtar abin da ka tara da kuma nawa ka ceto daga abin da ya shigo, kuma in ka matsa wa ɗaya ɗayar sai ta sauka.

Shi ya sa ake ɗibar samfur wuri uku a kai ɗakin gwaji, mashiga, kumfa, da lakar da ake zubarwa. Mu ce tan 100 ya shigo da jan ƙarfe kashi 1 cikin 100, kumfa ta ba da kashi 25, laka 0.1. Lissafi zai ba ka kusan tan 3.6 na kaya mai kyau, an ceto kashi 90 kenan.

Yanzu a bar kumfar a 25 ɗinta, ƙyallinta bai canza ba, amma laka ta koma 0.2. Ceton ya faɗi kusan kashi 81, jan ƙarfe wajen kilo 100 ya ƙaru a cikin abin da aka zubar, kuma abin da ke damuna mai kallon kumfa ba zai gani ba sam. Don Allah mai kyamara, juya ka nuna musu bututun lakar can na baya.