Maganin da ke bin sankarar mama har raminta

An rubuto wannan daga faifan laccar da wata likita ta yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi a Katsina.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Wadda wayarta ke kuka ta lallashe ta.

Abu uku zan faɗa a kan sababbin magungunan sankarar mama idan ta riga ta yaɗu, wato ta bar mama ta shiga ƙashi ko hanta ko huhu. Mene ne maganin, me ya yi wa mata a zahiri, sannan ina namu matan suka tsaya.

Kun san yara masu farautar gafiya da rani, sai su cinna wa daji wuta gaba ɗaya. Gafiya ta mutu, amma ciyawar dabbobi ta tafi, wani lokaci har da rumbun wani bawan Allah. Haka kemo take, wato maganin sankara da aka saba yi. Duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa sai ta buge ta, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo. Sababbin nan kuwa kamar mafaraucin da ya san ramin ne. A jikin ƙwayar sankarar wasu mata, kamar ɗaya cikin biyar ko shida, akwai wani sinadari da ya yi yawa, sunansa HER2, shi ke ingiza ta ta yi ta haihuwa. Wani likita a Amurka, Dennis Slamon, ya nuna a 1987 cewa irin wannan sankara ta fi saurin kisa. A 1998 aka amince da trastuzumab, maganin da ke zuwa ya toshe wannan sinadarin, ana sa shi a ƙarin ruwa duk mako uku.

To amma mafarauci sai an nuna mashi rami. A nan zan daɗe, ku yi mini haƙuri. Ba a gane HER2 da ido, ba a gane ta da hoto. Sai an yanko ɗan nama an kai ɗakin gwaji an duba abu uku: alamun sinadaran mata guda biyu, da HER2. In ba a yi wannan ba, harbi ne cikin duhu.

Kuma naman nan yana da tsada fiye da na Sallah. (Dariya.) Wallahi da gaske nake. Ƙa'ida ita ce cikin awa ɗaya da yanko shi a jefa shi cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama lalacewa, ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Ni da idona na ga an kawo nama cikin robar magani, an zuba mashi ruwan gishirin ƙarin ruwa, an ƙulle a baƙar leda. Mijin matar ya ajiye shi a ɗaki kwana huɗu yana neman kuɗin mota, a watan Afrilu, zafin Katsina. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya mashi. Irin wannan nama in an gwada yana iya cewa babu HER2 alhali akwai, a hana mace maganin da zai yi mata aiki saboda roba da leda. Sista, ke da ke ɗakin tiyata, wannan a hannunki yake, ba a hannun minista ba. Fomalin, cikin awa ɗaya. Ku faɗa mu ji. Ban ji na baya ba. Yawwa.

Kuma ku rubuta lokacin da aka sa shi a jikin kwalbar. Biro kawai ake buƙata. Na san biron asibiti ƙafa gare shi, ku ɗaure shi da zare.

Ina muka tsaya? Na biyu. A babban gwajin maganin da aka buga a 2001, rabin matan da aka yi wa kemo kaɗai sun kai wata 20 a raye, waɗanda aka haɗa wa da trastuzumab wata 25. Za ku ce wata biyar kawai? Ku tambayi mai yaye. Daga baya aka ƙara wani magani, pertuzumab, a gwajin da ake kira CLEOPATRA, lissafin ya tashi daga wata 41 zuwa 56 da rabi. Sai dai shiga irin wannan gwaji kamar ɗaukar soja ne, ana tantancewa, mai ciwon zuciya ko wadda ciwo ya kwantar ba ta shiga. Shi ya sa na fi son abin da aka yi a Faransa, inda aka bi bayanan mata sama da 16,000 da suka zo asibiti yadda suke, daga 2008 zuwa 2014. Masu HER2, waɗanda a da su ne aka fi jin tsoro a kansu, rabinsu sun kai kusan wata 45. Waɗanda gwajinsu ya nuna babu ko ɗaya cikin alamun nan uku, wata 14 da rabi. Kuma wannan nau'in mara alama yana da yawa a matan Afirka ta Yamma.

Akwai kuma ƙwayoyi na sha, su palbociclib da ribociclib, ga masu alamar sinadarin mata, ana haɗa su da maganin da ke rage sinadarin. Suna kayar da fararen ƙwayoyin jini, sai ana awo a kai a kai. Zan wuce su, Hajiya mai agogo tana harara ta.

Na uku, ko na huɗu ne? Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya haɗa da asibitocin Aba da Owerri, ya samu cewa cikin mata 100 da aka gano wa sankarar mama a Najeriya, 36 ne ke raye bayan shekara uku, kuma ba masu yaɗuwa kaɗai aka ƙirga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa trastuzumab cikin jerin muhimman magunguna tun 2015, amma kwalba ɗaya ta ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000...

Na'am, Baba? A miƙa mata abin magana.

(Wata dattijuwar ungozoma ta tambaya: in an sayar da awaki an yi allura uku kuɗi suka ƙare, an yi asara ke nan? Kuma maganin yana warkarwa?)

Baba, kin tambayi abin da nake ta kewayewa. In ciwon ya yaɗu, maganin riƙe shi yake yi, yana ƙara kwana da sauƙin jiki, amma ba mu yi wa kowa alkawarin warkewa. In an dakata, yawanci ciwon ya ci gaba. Shi ya sa tun kafin a kai akuya ta farko kasuwa nake zaunar da miji da 'yan'uwa mu yi lissafi a takarda, har da kuɗin hoton zuciya, don maganin yana iya raunana ta. In ba zai kai ba, akwai kemo, akwai ƙwayar tamoxifen mai araha ga wadda gwajinta ya nuna alamar sinadarin mata, akwai maganin raɗaɗi, kuma a nemi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya. Amma wadda ta zo ciwon bai yaɗu ba, Baba, ita allurar shekara guda ce a gama, kuma a nan ana warkewa da yardar Allah. Ke kike ganin matan nan ranar wankan jego kafin mu. In kika taɓa ƙullutu, ko ba ya zafi, kada ki jira a yaye yaron, ki haɗo ta da ɗan rakiya ku zo.

An kira salla, ko? Mai tambaya ta same ni a bakin ƙofa.