Jan fitsari ko shawara? Maganin tarin tibi da hanta

Assalamu alaikum jama'a. Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, wai maganin tarin tibi yana narkar da hanta shi ya sa fitsari ke yin ja, ya sa wasu sun jingine maganinsu. Ku ƙaddara ga kwalabe biyu na fitsari a gabanku.

Ta farko launin ruwan goro ce. Wannan rinin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magunguna 4 da ake sha a wata 2 na farko, kafin a koma guda 2 na tsawon wata 4. Yana rina fitsari da gumi, har da hawaye. Uwargida, in kin ga wuyan rigar maigida ya yi ja, ba goro ya zubar ba. Wannan launi ba cuta ba ne, a ci gaba da shan magani.

To ga ta biyu. Duhu ne da ita kamar shayin da ba madara. Nan ne ake yin kuskuren da ke kashe mutane: an ce musu fitsari zai canza, sai su ɗauka kowane canji na magani ne.

Magunguna 3 a cikin huɗun nan, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, hanta ce ke sarrafa su, kuma a jikin wasu sukan kumbura ta, galibi a watannin farko. In ta kumbura, ruwan maɗaci ya taru a jini, shi ne shawara.

Kada ku tsaya kan fitsari kaɗai, ku duba ido. A fito da mara lafiya tsakar gida da rana, hasken tocila yana ruɗi. Ya kalli ƙasa, ku ɗaga fatar idon ta sama. Rawaya a farin ido, galibi hanta ce. Sau da yawa kafin idon ma, abinci ke fita ransa, ga tashin zuciya, amai, kasala, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Kashi ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi.

In ido ya yi rawaya, kada ya sha maganin gobe, kuma kada a kwana. A tafi asibitin da yake karɓar magani, ko da ranar kasuwa ce. Za a ɗibi jini a auna sinadarin ALT, wanda ke ƙaruwa a jini in hanta ta kumbura. In ya ninka ƙa'ida sau 3 tare da alamomin nan, ko sau 5 babu alama, likita zai dakatar da maganin, hanta ta huta, sannan a maido shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yanke shi a gida ya yi shiru kuwa, tarin da ba ya jin magani yake gayyata.

Abin da ya fi damuna shi ne jiƙon shawara. Hanta na fama, a ƙara mata saiwoyi da sassaƙe, a bi da farasitamol barkatai. Don Allah a bari. Mai ciwon hanta nau'in B, da dattawa, da mai shan giya ko maganin ƙanjamau, su faɗa wa likita tun ranar farko.

Ba maganin tibi kaɗai ba. Augmentin da ake saya a kemis da sunan taifot kan jawo shawara har makonni bayan an gama shi. Don haka in za ku asibiti, ku zuba duk kwalaye da ledojin maganin da ya sha a wata 2 da suka wuce, ku tafi da su.