Ɗan Kano a Damagaram: gasar ƙwallon masu kaki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau ga ni a wata fada, wato majalisar hira ta samari, a unguwar Birni, nan Damagaram. Ku yi haƙuri da ƙarar kabu-kabu, bakin titi muke, shayi kuma yana kan wuta.

Tun zuwana nake tambayar samarin nan labarin gasar ƙwallon ƙasarsu. Ka ce Madrid ko Barcelona, kowa ya zama malami. Ka ce gasar Nijar, sai a nuna maka dattijo. To ga Baba nan kusa da ni, shi ya warware min ita.

Gasar tana hannun FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, an fara ta tun 1966. Abin da ya ɗaure min kai sunayen ƙungiyoyin ne. AS FAN ta sojoji ce, AS GNN ta gardi, wato rundunar tsaro ta Garde Nationale, USGN ta jandarma, ga AS Police, ga AS Douanes ta duwan, waɗanda mu a Kano muke ce wa kwastam. Sai Nigelec ta kamfanin wuta da SONIDEP ta kamfanin mai. Na ce, "Baba, wannan gasa ce ko fareti?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, mai albashi ai shi ke iya riƙe ɗan wasa." Na ga gaskiyarsa. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ka kwashi 'yan wasa a mota, ga mai, ga abinci, ga masauki. Ƙungiyar gari da kuɗin ƙofa ina za ta kai?

Shi ya sa kofin ya kusan zama ɗan Yamai. Ƙungiyar Sahel ta Yamai ta fi kowa ɗaukarsa. Amma Baba ya gyara zama da ya zo kan 1984, shekarar da Espoir ta Zinder ta ci gasar, bayan Jangorzo ta Maraɗi ta ci a 1983. Har yanzu idonsa yana ƙyalli in ya faɗa.

Ni da na saba da "Sai Masu Gida", kirarin Kano Pillars, a filin Sani Abacha, na tambayi ina irin wannan ihun yake a nan. Wani matashi ya ce, "Yayana, jira lokacin kokawa, ranar da ake neman takobin da ake bai wa zakara."

Bari in karɓi kofin shayi na farko kafin ya huce.